Baffa Ma'aruf da Gadon Ƙarƙashin Ƙasa

Baffa Ma'aruf ba ƙanen Babanmu ba ne, ɗansa ne na fari. Gara in faɗi wannan tun daga farko, domin ni sai da na haura shekara ashirin na sani. Kuma a ranar da na sani, tsaye nake a gabansa na miƙa masa biro, ina jiran ya rantse ya sa hannu cewa Baba bai bar ɗa a duniya ba sai ni da ƙanena Abba.

Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne ni ce mai riƙe da tarihin gidanmu. Ba wanda ya naɗa ni. Tun ina ƙarama nake maƙale wa Baba in yana ba da labarin Ringim, ina haddacewa, alhali sau ɗaya tak aka taɓa kai ni garin. Na san sunan kakan kakanmu, na san goggon da ta auri ma'aikacin jirgin ƙasa, na san shekarar da kogi ya cinye mana gonar rake. In ana suna ko walima a nan Greensboro ta Amurka, mata kan ce, "A kira Mubina, ita ta san wa ya haifi wa." Ni kuwa in gyara mayafi in hau jero dangi kamar maroƙiya. Karatuna bai wuce sakandare ba, aikina rainon yara a wata makaranta, amma in aka zo maganar dangi farfesa nake ganin kaina.

To ga tarihin Baffa yadda yake, ba yadda na daɗe ina bayarwa ba.

An yi wa Baba aure yana saurayi ɗanye, kafin ya samu gurbin karatu a Amurka. Matar ta haifi namiji, ba ta yi arba'in ba Allah ya karɓi abarsa. Kakarmu Inna Yalwa ta ɗauki jaririn ta goya. Gidanmu kuwa gida ne mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, bakinsa ba ya iya cewa "ɗana". Yaro ya tashi ya ji 'yan gida suna ce wa Baba "Yaya", shi ma ya bi. Da aka kai shi firamare aka rubuta masa sunan kakanmu a gurbin uba. Ga Baba, Sanda Abdulmuhaimin, ga shi, Ma'aruf Abdulmuhaimin. Duk wanda ya gani a rubuce wa da ƙane zai ce.

Boko bai karɓe shi ba. Ya tafi Kano ya koyi kanikanci, ya yi shekaru a ƙarƙashin motocin mutane, sannan ya ci bizar caca ya zo Amurka lokacin ina shirin shiga makaranta. A falonmu na unguwar Glenwood ya fara kwana. Ya yi wankin kwanuka a gidan abinci, ya yi facin taya, har ya samu ɗan garejin da yake ciki yanzu, inda ɗaliban jami'a ke turo masa tsofaffin motocinsu suna roƙon ya yi musu sauƙi. Ya auro Anti Salwa, suna da yara uku. Mutum ne dogo mai ɗan ranƙwafawa. Ba ya rabo da dabino a aljihu, yana tsoron kare komai ƙanƙantarsa, kuma duk zancen duniya amsarsa guda ce: "To." In ka ji ya yi doguwar magana, to tayar motarka ce ba ta da iska.

Tsakaninsa da Baba kuwa abin kallo ne. Baba bai taɓa kiran sunansa na ji ba. Sai dai "mai gareji", ko "mutumin nan". In Baffa ya shigo falo, Baba ya ɗauki waya ya hau dannawa. Ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Amma duk Asabar sai motar Baba ta soma wata ƙara da shi kaɗai yake ji, ya tuƙa ta zuwa gareji, ya zauna a benci har azahar, ba mai ce wa wani komai.

Ni da basirata na duba wannan duka na gano bakin zaren: rigimar gona ce. Wa da ƙane, gonar rake, ai magana ta fito. Ban tsaya a ganowa ba, har ba da labarin na riƙa yi wa ƙawayena, ina rage murya. Wata Babbar Sallah ma, bayan an ci nama, na miƙe a tsakiyar falo na yi musu wa'azi a kan illar yanke zumunci, har da hadisi. Baba ya ƙura wa silin ido. Baffa ya ce "To," ya fita duba mota. Mama ta ruga kicin, na jiyo ta tana shessheƙa, na ce a raina wa'azina ya ratsa ta. Ashe dariya ce ta kusa kashe ta.

Bara Baba ya rasu, ciwon zuciya, bai yi doguwar jinya ba. Baffa ne ya yi masa wanka tare da liman, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. A zaman makoki na lura dattawa suna daɗewa riƙe da hannunsa fiye da na Abba. Na ce Allah sarki, su ma sun san da rigimar gonar, suna tausaya masa bai samu sun shirya ba.

Mama tana cikin takaba, ba a kai ga rabon gado ba, sai ga wasiƙa daga wani kamfanin haƙar iskar gas a Oklahoma. A can Baba ya yi karatu. Ashe a lokacin ya taɓa sayen wani fili a bayan gari da niyyar kiwon raguna, kiwon bai yiwu ba, ya sayar. Amma a ƙasar nan ana iya raba saman ƙasa da cikinta: mutum ya sayar da fili, ya riƙe haƙƙin duk abin da ke binne a ƙarƙashi. Haka Baba ya yi, wataƙila ma ya manta. Yanzu kamfanin yana haƙa a yankin, yana son a mayar da haƙƙin zuwa sunan magada. Sharaɗinsu shi ne a kawo takardar rantsuwa mai bayanin duk auren da mamaci ya yi da duk 'ya'yan da ya haifa, mutum biyu da suka san shi da daɗewa su sa hannu a gaban notari, wato mai hatimin shaidar rantsuwa. Kuma shaidun kada su kasance cikin masu gado.

Da na gama karantawa na ji kamar don ni aka tsara aikin. Auren mamaci? Ɗaya, Huseina, wato Mama. 'Ya'ya? Biyu, Mubina da Abdulmuhaimin, wanda muke kira Abba. Kafin shayina ya huce na cike. Ban gaya wa Mama ba, na ce kada in dame ta, sai komai ya kammala in kawo mata albishir. A hanyar zuwa aiki har na fara bi ta Irving Park, unguwar masu kuɗi, ina zaɓar mata gida.

Shaida na farko bai ba ni wahala ba. Malam Moutari, mutumin Maradi mai sayar da naman halal, aminin Baba ne tun kafin a haife ni. Na biyu kuwa, wa ya fi Baffa sanin Baba? Kuma na san fiƙihuna: in mamaci ya bar ɗa namiji, ƙanensa ba ya gado. Ya cika sharaɗi cif.

Na same shi a gareji, rabin jikinsa a cikin injin wata mota.

"Baffa, shaida za ka yi mana. Ka san Baba, kuma ba ka cikin magada. Hannu kawai za ka sa."

Ya ɗago a hankali, ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Antin ta san da wannan?" Haka yake kiran Mama.

"Ba na son in dame ta."

"To."

Wannan "to" ɗin ta yi mako biyu tana yawo da ni. Yau ana jiran kayan gyara, gobe bayansa na ciwo, jibi ya manta katin shaidarsa. Na ce lallai gonar raken nan ta yi zurfi a zuciyar bawan Allahn nan, mutum ya mutu ma bai huce ba. Ranar wata Laraba na je na tsaya masa a ka, na ce ko don marayu ya daure. Da na ce marayu ya dube ni, ya cire rigar aiki, ya shiga motata.

Ofishin notarin ɗan ƙarami ne, a jikin wani shagon aika kaya. Wani Bature mai suna Justin ya karɓi katunansu, ya ce su ɗaga hannun dama. Na zaro biro na miƙa wa Baffa. Ya karɓa ya riƙe, bai sunkuya ba.

Malam Moutari ya ce, "Tsaya, ɗiyata. Ni ba ni sinye, ba ni sa hannu bisa abin da ban ji ba. Karanta mini da Hausa."

Na karanta cikin muryar da nake jero dangi a gidan suna. Aure ɗaya. 'Ya'ya biyu.

"Bon. Ina na farin?"

"Ni ce ta fari, Malam."

"Ke?" Ya sauke hannun da ya ɗaga. "Ke ta farin Huseina ce. Ina na farin Sanda?"

Baffa ya ce, "Malam, bari."

"In bar mi? Hannuna na sama, gaban Allah da wannan Nasara, in ce Sanda ɗiya biyu gare shi? Jamais, har abada. Ga ka nan tsaye da kunnuwan mutumin, duk wanda ya gan ka ya ga Sanda." Ya juyo gare ni. "Wai ke ba ke ce mai tarihi ba?"

Na dubi kunnuwan Baffa. Shekara da shekaru ina ganin kunnuwan nan, har na taɓa kafa hujja da su a gaban mata cewa jinin Inna Yalwa yana da ƙarfi.

Justin ya tambaya ko akwai matsala. Malam Moutari ya ce masa da Turancinsa na kasuwa babu matsala, yarinyar ce ba ta iya ƙirga ba. Baffa ya ajiye biron a kan tebur kamar ƙwai, ya fita.

Na same shi a tsugunne gefen motata yana latsa taya da babban yatsa.

"Wannan ta baya tana son iska," in ji shi.

"Baffa, gaskiya ne?"

"Ba ƙarya ba ne."

"To me ya sa ka biyo ni? Da sa hannun za ka yi?"

"Ban sani ba. Rantsuwar ce ta tsaya mini." Ya miƙe. "Ki samu wani shaidan, Mubina. Ki bar takardar yadda take."

"Malam ba zai sa hannu ba."

"Ki samu waɗanda ba su sani ba. Irinki."

Ban san ko zolaya ce ba, fuskarsa ba ta nuna ba. Ya ci gaba, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka a kan abin da ba mota ba.

"Yana raye bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, kuma ba mu rasa komai ba. Yanzu da aka ce akwai abu a ƙarƙashin ƙasa sai in fito in ce ni ɗa ne? Me za a ce a masallaci? Ku ne ƙanana. Ni ina da gareji."

Na mayar da shi wurin aikinsa, na wuce gida da takarda ba hannu ko ɗaya. Mama tana kan darduma da carbi. Na zube a gabanta na kwashe komai na faɗa mata, ina jiran ta firgita.

Ta ce, "Yau kika sani?"

"Mama! Kin sani?"

"Wa bai sani ba? Ranar da aka kai ni gidan, shi aka fara nuna mini."

"To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ana gaya wa mutum irin wannan ne? Gani ake yi. Kuma ke wa ya isa ya gaya miki abu a kan dangin nan? Ke kike gaya mana."

Abba yana kicin yana cin abinci a tsaye. Na leƙa na ce ko ya san Baffa wanmu ne. Ya amsa da Turanci, baki cike, wai ya ɗauka na sani, ai Anti Salwa ta faɗa masa tun yana sakandare. Abba fa, wanda bai san sunan kakarsa ta wajen uwa ba.

Na koma na gaya wa Mama abin da Baffa ya ce, a bar sunansa a waje. Nan fuskarta ta canza. Ta ajiye carbin.

"Kira mini shi."

Ya zo bayan la'asar da kayan aiki a jikinsa. Bai hau kujera ba, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ya gaishe ta, ya ƙara yi mata gaisuwar rashi kamar yadda yake yi kullum.

"Ma'aruf, an ce ka ce a cire ka."

"Anti, ba cirewa ba ce. Dama ba a saka ba."

"Kai ka roƙi gadon nan?"

"A'a."

"Ni na ba ka?"

"A'a."

"To wanda ya ba ka bai yi shawara da kai ba, bai yi da ni ba. In ka ƙi karɓa, rabonka cikin wa zai shiga? Cikin Mubina da Abba. Kana so in zuba ido 'ya'yana su ci abin da ba nasu ba, a kan takardar da aka rantse da ƙarya? Shi kuma yana kwance can a tambaye shi?"

Baffa ya sunkuyar da kai.

"In ya shiga hannunka ka ga dama ka zuba a kogi, ba ruwana. Amma sai ya shiga hannunka tukuna. Kunyar nan ta ku biyu ce, kai da shi, kun yi ta kun gama lafiya. Kamfanin Oklahoma bai san ta ba."

Ya ce, "Mutane fa, Anti?"

"Waɗanne mutane? Duk garin nan mutum ɗaya ce ba ta sani ba, ga ta nan zaune."

Ya saki wata 'yar dariya ta hanci, ya share ido da bayan hannu. Sannan ya ce, "To." Wannan karon ta gaske ce.

Na ɗauko sabuwar takarda. Da na zo gurbin aure na farko na tsaya, biro a sama. Ban san sunan matar ba. Ni da na san sunan jakin kakanmu.

"Baffa, yaya sunanta?"

Ya dubi Mama, Mama ta kau da kai. Ya dubi tafin hannunsa.

"Hansatu," ya ce a hankali. "Hansatu Garba. 'Yar garin Dabi ce. An ce doguwa ce. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na rubuta. Ban ƙara ko kalma ɗaya daga kaina ba, kuma Allah ya sani na so in ƙara.

Ranar Juma'a da safe muka koma wurin Justin. Hajiya Tchima, matar Malam Moutari, ita ta maye gurbin shaida na biyu, don ta san Baba tun zuwansu garin nan. Ba a bukatar Baffa a wurin, na faɗa masa haka, amma ya ce zai kai mu saboda bai yarda da tayata ba. Da muka isa ya ce zai jira a mota. Malam Moutari ya buɗe ƙofar ya kamo hannunsa.

"Fito, mai gareji. Yau kunnenka za ya ji."

Suka ɗaga hannu. Malam ya ce in karanta, kuma in karanta da ƙarfi, don wancan karon da ƙarfi na yi kuskure. Na karanta aure biyu, Hansatu da Huseina. Na zo kan 'ya'ya, muryar maroƙiyar ta gudu ta bar ni, sai wata 'yar siririya ta fito.

"Na ɗaya, Ma'aruf. Ɗa."

"Ba mu ji ba," in ji Hajiya Tchima.

"Ma'aruf, ɗan Sanda. Na fari."

"Voilà," in ji Malam Moutari, ya karɓi biro.

Baffa yana tsaye a bakin ƙofa ya juya mana baya, yana karanta farashin kwalaye a jikin bango kamar zai saya. Bai juyo ba har Justin ya buga hatimi. Da muka fito ya karɓi takardar daga hannuna, ya duba layin farko, ya daɗe a kansa, leɓensa na motsi. Sannan ya ciro tsumma mai tsabta daga aljihu ya goge gefen da yatsansa ya taɓa, ya mayar mini.

"Ki aika ta yau," ya ce. "Kada ta kwana a mota."